Hoton Inna da Kumbon Rasha

Shekarar da aka rufe lakwal, wato makarantun boko, saboda yajin aiki, maigidana, wanda duk garin Tawa ke kira Mushe saboda malanta, ya rasa yaran da zai koyar, sai ya koma kallon sama. Ana cikin haka wansa da ke Abijan ya aiko da kyamara da fim guda. Saƙonsa ɗaya ne: a ɗauki hoton Inna, mahaifiyarsu, a aika masa. Ya daɗe bai ga fuskarta ba.

Muka ɗauko Inna daga ƙauyen Barmu. Ta ce ita fa ba za a ɗauke ta haka wujiga-wujiga ba, sai an yi mata kitso, lalle ya kama, tela ya gama rigarta.

Kafin tela ya gama, Mushe ya ji a rediyo wai akwai kumbon Rasha mai mutane ciki da ke ratsa samaniya. Shi ke nan! Da an sallame magariba sai ya haye katanga da kyamarar, mu kuma a hana mu tari, wai kada hoton ya girgiza. Wani ɗigon haske ya taso daga yamma yana tafiya, shi ko ya yi ta watsa masa filasha, wai yana haska musu hanya. Na ce, "Mushe, fim ɗin Inna ne fa!" Ya ce saura da yawa. Wallahi har jirgin sama ya ɗauka, har tauraron da ko motsi ba ya yi.

Ranar da Inna ta shirya, ya murɗa kyamara ta ƙi. Fim ya ƙare. Ya dube ni, na kau da kai don haushi. Inna ta zauna bisa tabarma, ta baje tafukanta don lalle ya fito. Ya durƙusa ya walƙa mata filasha a banza, ta ce Allah shi yi albarka.

Hotuna suka dawo daga wanki baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya. Inna ta matsa sai ta ga nata. Da ya rasa mafita, ya miƙa mata guda mai ɗan farin zare a tsakiya. Idonta ya riga ya yi rauni. Ta kai shi dab da hanci, ta daɗe tana dubawa, ni kuma tausayinta ya cika ni.

Ta ce, "Ashe haka na rame? Kada ku aika masa Abijan, hankalinsa zai tashi."