Keziah Mai Kunun Bakin Kotu

Shekara goma sha ɗaya Keziah ta yi tana sayar da kunu a bakin wata kotu a Zuru. Mijinta Sila soja ne. Ya dawo daga Saliyo da rauni a ka, yana mantuwa, yana fushi ba dalili. A bariki aka ce giya ce. Ita ta yi jinyarsa har ya rasu a 2002.

Saboda haka da aka kawo Muntaka a 2005, kallo ɗaya ta yi masa ta gane. Ɗan kabu-kabu ne daga Ribah. Ya faɗi da babur, kansa ya bugi dutse. Wata uku bayan haka ya hau jan babur ɗin wani a kasuwa, yana zaton nasa ne. Aka ce sata.

An ba shi beli, amma sau biyu ya manta ranar zama. Alƙali ya ce in ya ƙara, sai gidan yari.

Keziah ta tare magatakarda a bakin ƙofa. "Malam, mutumin da bai tuna ko ya karya kumallo ba, shi za ku ba kwanan wata?"

"Mama, nan kotu ce, ba asibiti ba."

"To takardar asibitin da ke cikin fayil ɗinku fa? Ta kunna wuta ce?"

Ya wuce ciki abinsa.

Sai ta yi wa Muntaka abin da ta yi wa mijinta: fareti kullum. Ta sama masa wurin kwana a gidan ƙanenta. Ƙarfe bakwai na safe yana gaban teburinta, ya ɗebo ruwa, ya zauna a inuwa, don rana na tayar masa da ciwon kai. In fushi ya taso, sai ta miƙa masa ludayi.

"Inna, yau ne?"

"Dama kunu, ɗan nan. Kullum ne."

A watan Yunin shekarar da ta biyo baya aka matso da zaman ba sanarwa. Aka kira sunansa, ɗan sanda har ya fara cewa ya gudu. Muntaka ya shigo da ludayi a hannu.

Ranar ce alƙali ya buɗe takardar likita, ya karanta, ya sallame shi.

"Layi huɗu ne fa," in ji Keziah, tana kankare tukunya da ƙarfi. "Wata tara suka yi ba su karanta layi huɗu ba."