Guɗar da Ta Maƙale Min a Ƙirji

Shekarun baya, in dai biki ake tsakanin Kabo da Gwarzo, to ni ce mai guɗa. Ba yabon kai ba, in na kama hanci na rangaɗa ta, har shanun bayan gari sai sun ɗago kai. Mahaifiyata takan ce, "Ke dai kyau an yi miki rowa, amma maƙogwaro kin samu rabonki."

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ni, na sha magani. Ba a jima ba jikina ya feso da ƙuraje, fata ta riƙa saɓulewa kamar an watsa min tafasasshen ruwa. Baki da leɓe da ido duk suka kwailaye, ko kunu ba ya wucewa. A asibiti likita ya ce jikina ne ya ƙi maganin. Na daɗe a kwance, na tashi da tabo, na ce alhamdulillahi, an wuce wurin.

Ashe da saura. Ciwon ya taɓa huhu, hanyoyin iska sun tsuke, kuma likita ya ce ba sa komawa yadda suke. Daga rijiya zuwa ɗaki sai na tsaya na huta.

Sai ga bikin autarmu. Tun tana ƙarama take cewa, "Yaya, ranar da za a kai ni, guɗarki nake so, ba ta kowa ba." Ni kuwa da taurin kai, na ce ko a kwance nake sai na yi.

Muka kai ta gidan mijinta a garin Durun. A ƙofar ɗakinta mata suka yi tsit suna jirana. Na kama hanci, na ja numfashi iya abin da zan iya ja. Tari ne ya fito, irin na tsohuwar akuya. Na sake gwadawa, na durƙushe. Goggonmu ta dafa ni ta ce, "Bari haka, 'yar nan, ranki ya fi."

Amarya ta miƙo hannu ta ƙarƙashin mayafi ta damƙe nawa. A hankali ta ce, "Yaya, ni na ji ta."

Yanzu 'ya'yanta har sun shiga makaranta. Na saba da tabon, na saba da tafiya a hankali. Guɗar ce dai nake kewa, wallahi ina kewarta. Har yau in na jiyo wata ta rangaɗa daga nesa, sai in tsinci hannuna a kan hancina.