Motar da Ta Ƙone Hannun Ƙanwata

Ban taɓa son motar nan ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ina son mai ita ba. Mijin ƙanwata ne, ɗan kasuwa, iyayensa mutanen Tawa ne da suka daɗe a Yamai. Mu kuma daga Maraɗi aikin gwamnati ya kawo mahaifinmu, ya gina gida a Yantala, inda nake zaune har yau da maigidana da ƴaƴanmu da Inna. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko. Ƙanwata tela ce, matan unguwa ba su kai atamfar biki ko'ina sai wurinta.

Ranar da ya kawo motar, tun daga kan gudron, titin kwalta, muka ji kukanta. Ja ce wur, gajera, cikinta kamar zai shafi ƙasa, kujera biyu rak. Tsohuwa ce da aka sauke a Kwatano, an goge ta tana ƙyalli. Ya fito yana kaɗa makulli, ya ce wa Inna ta zo ta sa albarka.

Na ce, "Alhaji, ina yaran za su zauna?"

Ya yi dariya. "Yaya, wannan ba motar kai yara lakwal ba ce. Motar gudu ce."

"A wace hanyar za ka yi gudun? Tsakanin ramuka da amalanken jakuna?"

Ya juya wurin maigidana yana nuna masa cewa injin a baya yake, bayan kujeru, kuma ƙofar ba ta da hannun buɗewa irin na sauran motoci, maɓalli ake latsawa kuran, wato lantarki, ya buɗe ta. Maigidana mutum ne mai kawaici, ya gyaɗa kai ya ce Allah ya tsare.

Ba a jima ba motar ta fara nuna halinta. Sai ya ajiye ta a ƙofar gidanmu, yana ciki yana cin tuwon Inna, oda ta kama kuka ita kaɗai har maƙwabta su leƙo. Wata rana fitilun suka ƙi mutuwa da rana tsaka, sai da aka cire kan batir. Gilashin gefen da ƙanwata ke zama ya sauka ya ƙi hawa, da aka gyara kuma ya hau ya ƙi sauka. Abin da ya fi damuna shi ne warin. Duk lokacin da ya kashe ta, wani ƙauri ke tashi daga bayanta, irin na roba da ta taɓa garwashi.

Ranar sunan jikar maƙwabciyarmu na tare shi a bakin ƙofa, na ce, "Alhaji, motar nan wari take. Wayoyinta na ƙuna. Ka kai a duba ta, ko kuwa ka daina ɗaukar mini ƙanwa a ciki."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, a gaban mutane, ya ce, "Yaya, wanda ya saba da taksi mai jan kai da bas ɗin faba-faba ba zai san warin babbar mota ba. Ki bar ni da abin da Allah ya ba ni."

Mazan da ke zaune a tabarma suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Daga ranar na daina yi masa magana in ba gaisuwa ba. Ƙanwata ta zo tana ba ni haƙuri, wai haka bakinsa yake, ba ya nufin komai. Na tambaye ta ko ita ba ta jin warin. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta, ta ce ai ya ce haka irinsu suke.

Wata Lahadi ce a tsakiyar zafi, lokacin mangwaro. Muka shirya fita lambun wani abokin maigidana a bakin kogi, wajen Tondibiya. Yara duka, nasu da namu, suka cika tsohuwar motar maigidana, da kulolin abinci da tabarmi. Na ce wa ƙanwata ta shigo mu matsa. Alhaji ya ce matarsa ba za ta zauna a kan kula ba yana da mota. Ta dube ni, ta dube shi, ta bi shi.

Suna gaba muna baya. Ya kan taka ta ya ɓace mana, sai ramuka su tilasta masa ya jira, mu cim masa. Mun wuce gidajen ƙarshe kaɗan, babbar ɗiyata ta ce, "Mama, hayaƙi!" Na ɗaga kai na ga wani siririn hayaƙi fari yana fita daga bayan jar motar. Kafin maigidana ya gama danna oda ya zama baƙi.

Alhaji ya ja gefen hanya, ƙofarsa ta buɗe, ya faɗo waje. Na ɗauka zai zagaya ya fitar da matarsa. Baya ya nufa. Ya durƙusa yana kwasar yashi da hannu biyu yana watsa wa injin, yana ihu, "Motata! Ku kawo ruwa! Motata!"

Ƙanwata na ciki. Ina ganin tafin hannunta yana dukan gilashi. Tana latsa maɓallin ƙofa, kuran ya riga ya mutu, ba abin da ya motsa. Ƙofar direba kuwa da ya fita ya banko ta, ita ma ta kulle. Hayaƙi ya cika cikin motar har fuskarta ta fara ɓacewa.

Ban san sa'ad da na sauka ba. Na tuna dai ƙafata babu takalmi, ƙasa na ƙona ni. Na ja ƙofar, ba wurin kamawa ma, sumul take. Na ɗauki dutse a gefen hanya na buga wa gilashin, ya tsage bai fashe ba. Maigidana ya iso da ƙarfen kwance taya, ya ce mata ta kau da fuska, ya rotsa shi. Muka kama ta, shi kafaɗa ɗaya ni ɗaya, muka jawo ta ta tagar nan ƙarama kamar ana zare buhu. Wuta ta riga ta ɓullo ta tsakanin kujeru, ta kama mayafinta da hannun rigarta na dama. Na kwance zanena na sama na danne ta da shi a ƙasa har wutar ta mutu.

Masu lambu suka sheƙo da bokitai da gwangwanayen ban-ruwa, suna kiran juna da Zabarmanci. Wata tsohuwa cikinsu ta zauna ta ɗora kan ƙanwata a cinyarta tana zuba wa hannun ruwan sanyi. Yaran na kuka a cikin motarmu. Alhaji kuwa sai da maza biyu suka riƙe shi, yana fizga zai koma wurin wutar. Kafin motar pompiye, masu kashe gobara, ta iso, ba abin da ya rage sai ƙarafa baƙaƙe.

A gidan likita aka naɗe hannun tun daga yatsu har gwiwa. Da la'asar ta farfaɗo sosai, ni kaɗai ce a gefenta. Ta ce, "Yaya, ba yau ta fara ba." Ta gaya mini cewa wata rana sun je gaisuwa Lamorde, hayaƙi ya tashi haka bayan sun haye gada, ya kashe ta ya lafa. Ya kai garaji, aka ce masa wayoyin bayan kujera duk sun narke, sai an yi odar sababbi daga waje, kada ya hau ta kafin su zo. Ya ƙi jira. Ya sa aka cire ɗan abin nan da ke yanke kuran idan waya ta yi zafi, aka ɗaure wurin da wayar tagulla. Ya ce mata in ta faɗa mini ba zai yafe mata ba, don ba ya son in samu abin faɗa.

Na fito na same shi a baranda, zaune kan benci tsakanin ƴan'uwansa, ana yi masa jaje. Jajen mota. Na tsaya a kansa.

Na ce, "An gaya maka kada ka hau ta?"

Ya ce, "Yaya, ƙaddara ce. Abin da Allah ya rubuta..."

"Kada ka sa sunan Allah a cikin wayar da ka sa aka ɗaure da kuɗinka. An gaya maka ko ba a gaya maka ba?"

Wansa ya miƙe ya ce in ji tsoron Allah, mutum ya yi hasara ina ƙara masa. Na ce hasarar tana ciki kwance, kuma tun da aka kawo ta bai leƙa ya ga yadda yatsunta suka koma ba. Na ce na gan shi da idona, yashi ya kwasa, bai ko waiwayi ƙofarta ba. Maigidana ya zo ya ja ni gefe, muryata ta riga ta tara mutane.

Da aka sallami ƙanwata gidanmu na kawo ta, a ɗakina ta yi jinya. Ni ke wanke ciwon, ni ke ba ta abinci a baki. Dangi suka yi ta zarya, nasa da namu. Inna ta ce aure haƙuri ne, yara uku ba wasa ba, kuma mutum a cikin firgita ba ya sanin abin da yake yi. Na ce firgita ba ita ta kai shi garaji ba. Inna ta ce in rufe bakina, ni ba ni ke auren ba. Bayan damina ƙanwata ta koma ɗakinta, da ƙafarta. Ban hana ta ba, ban kuma raka ta ba.

Yatsunta biyu ba su lanƙwasa har yanzu. Tana iya taka keke, amma almakashi ya gagare ta, sai ta yi zane da alli wata ta yanka mata. Ni ban sake taka gidansa ba, ita ke zuwa wurina.

Bayan Sallar Layya da ta wuce ya zo gaida Inna. Na shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida shi da maigidana, don ba zan hana baƙon Inna zama ba, na kai musu shayi. Ina juyawa na ji yana cewa ƙasa-ƙasa, "Dubi wannan, rawaya ce, ta fi waccan lafiya." Ya miƙa wa maigidana salularsa, hoton wata gajeriyar mota a kai. Na dawo na ɗauke tiren shayin daga gaban Alhaji, ko kofin farko bai kai baki ba. Na ce ya tashi, ina son tabarmata.

Inna ta kira sunana daga ɗaki da ƙarfi. Na tsaya har ya sa takalmansa ya fita, sannan na naɗe ta.