Sunan da Muka Daina Kiranta da Shi

Jiya muna cinikin citta a kasuwar Kafanchan ni da ƙanwar babana, sai mai cittar ya ce, "Momi, ƙara wani abu mana." Ta ajiye cittar ta yi gaba. Na bi ta.

"Anti, lafiya?"

"Na gaji da Momin nan," ta ce. "Matar fasto Momi ce, mai abinci a tasha Momi ce. Ɗan acaɓa ma in yana neman fasinja, Momi. Ni fa ina da sunana."

Gaskiyarta. Da can a Zonkwa kowa Maman Bitrus yake ce mata. Tun da muka binne Bitrus bara, 'yan coci suka koma Momi, mu 'yan gida muka koma Anti, wai kada mu fama mata ciwo.

"Kun binne shi, kun haɗa da sunansa," ta ce. "Yanzu ba na jin sunan a bakin kowa."

Da za mu shiga mota na ce, "Maman Bitrus, kawo jakar." Tun kafin ta juyo ta ce, "Na'am."

Ku a wajenku, da wane suna kuke kiran uwar da ta rasa ɗanta?