Kwano mai jan fenti

Shekarun baya, cikin shekarun tamanin, ina saurayi a Illela ina taya kawuna cinikin albasa, na yi wata mura. Irin ta kowa ce, hanci na zuba, ga tari da ɗan zazzaɓi. Na sha citta da kanumfari ta wuce, har na manta da ita.

Bayan 'yan makonni kasala ta kama ni. Buhun da nake ɗagawa ina fito don 'yan mata su gani, sai ga shi yana gagarata. Ran nan muna ciyayya a ƙofar gida, inda kowane gida ke fito da kwanonsa maza su ci tare, abokina ya tsura mini ido ya ce, "Kai, mi as sami idanunka? Sun koma kamar gwaiduwa hwa."

Kowa ya ce shawara ce, kuma ɗauka ake yi. Mahaifiyata ta ɗiga jan fenti a gindin kwano ɗaya da moɗa ɗaya, suka zama nawa. Ba wanda ya kore ni daga ciyayya. Kawai in na zauna sai hira ta mutu, hannuwa su yi sanyi. Da kaina na koma ci a ɗaki, ina jiyo dariyarsu ta bayan katanga.

Ni ɗan fari ne, mahaifiyata kuwa mai kunya ce ta gaske. Ba ta kiran sunana, ba ta zama inda na zauna, balle ta ci da ni. Takan ajiye kwanon a bakin ƙofa ta yi gyaran murya ta wuce. Asibiti kam ta hana, don an ce allura na kashe mai shawara. Aka hana ni mai da nama, aka yi ta ɗura mini saiwar rawaya da wani ɗan'uwa ke aikowa daga Kalmalo. Watanni ina haka, kaɗaici ya fi ciwon cina.

Sai da ƙafafuna suka kumbura kawuna ya sa ni a motar albasa zuwa Sakkwato. Bayan an yi ta ɗibar jinina, likita ya ce garkuwar jikina ce ke cin hantata. Ya ce mai yiwuwa murar nan ce ta tashe ta faɗa, da murar ta tafi sai garkuwar ta juya kan nata gida. "Wannan ba a ɗauka," in ji shi. "Ka ci da kowa." Ya ba ni ƙwayoyi, idanuna suka fara washewa, fuskata kuma ta cika kamar ƙwaryar fura.

Na dawo da murna, na tsaya kan masu ciyayya na faɗa musu. Suka ce, "Allah shi ƙara lahiya." Ba wanda ya gusa a tabarma. Abokina ya sunkuyar da kai. Na ɗan tsaya, sannan na shige gida.

Ashe mahaifiyata ta ji komai. Washegari da rana ta kawo tuwo a kwanon nan, amma ba ta tsaya a bakin ƙofa ba. Ta shigo, ta zauna, ta wanke hannu, ta kau da fuska ga bango, ta sa hannu a kwanona.

Na ce, "Inna..."

Ta ce, "Ci, tuwon ga na hucewa."

Har yau ina shan magani, kuma ban riƙe kowa a zuciya ba, tsoro ne ya hana su. Daga baya na koma ciyayya. Raɗaɗin ciwon ya gushe mini, amma har gobe ba na iya ganin mutum yana ci shi kaɗai in wuce. Inna ta rasu da daɗewa, kwanon yana wajena, fentin ya kusa gogewa. Wannan ranar ce kaɗai na taɓa cin abinci da mahaifiyata.