Idon Bindiga da Idon Maigida

Akwai wata ranar Alhamis da ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin za ta fita daga raina. Ranar ce maigidana ya ɗauki farantin gahawata ya mai da shi teburin maƙera.

Maigidana haifaffen Madina ne, kakansa ne ya zo daga Kano da ƙafa. Ni kuwa bayan na gama sakandare aka kawo ni nan aure. Yana da 'yar gonar dabino da ya gada a bayan gari, can gaba da Harra ta Gabas, kuma saboda karnukan jeji da ke yawo a wajen, ya daɗe da mallakar ƙaramar bindiga da takardar izininta daga hukuma. Ni libarba nake ce mata, shi kuma musaddas. Idan zai je gona yana ɗaura ta a ƙugu ƙarƙashin jallabiya, ba mai ganin alamarta. Ban taɓa sonta ba. Duk ranar da ya fita da ita sai na raka shi da addu'a har ƙofa.

To, wata shekara sai ya fara ƙorafi. Wai da zarar magariba ta yi ba ya ganin ɗan ƙarfen nan na bakin bindiga da ake saiti da shi. “Ƙarfe baƙi, gari baƙi, Hajiya, yaya mutum zai yi?” Ya ce akwai wani sabon salo mai ɗigon haske da ke walƙiya a duhu, shi zai saya ya canza. Ni dai idon bindiga na sa masa suna.

Mako uku muka yi ana zaɓen idon nan. Kore ko ruwan lemo? Mai faɗi ko siriri? Ina tuƙa tuwo zai shigo kicin ya kanga min waya a fuska. Ina ninke kaya zai biyo ni. Har bayan sallar asuba, ina tsakiyar azkar, sai na ji ya yi gyaran murya: “Amma fa koren ya fi daɗewa.” Na ce, “Alhaji, don girman Allah ka sayi koren. Ko labulen falo ba mu yi masa wannan shawara ba.”

Yanzu idan na waiwaya, abin da ke damuna shi ne na ga alamu tun kafin nan. Na ga yana zuba gahawa gefen kofi. Na ga ya ajiye mushafinsa ya ɗauko mai manyan baƙaƙe, yana cewa masu bugu na yanzu rowar tawada suke yi. Rubutun wayarsa kuwa daga ƙofa nake karantawa. Duk na gani, na goge gahawar da ta zube, na yi shiru. A ganina rufin asiri nake yi masa.

Kayan suka iso ranar Alhamis, 'yarmu ta fari tana gida ta zo wuni. Bayan azahar ya ce shi zai ɗaura da kansa, ba ya buƙatar kowa. Na ce ba abin da za a taɓa sai an fitar da harsasai. Ya zazzage su a tafin hannuna, na kai su akwatin ƙarfe na kulle, na ɗaure makullin a bakin gyalena. Ina dawowa na tarar ya baje 'yar guduma da tsinken ƙarfe a kan farin farantina, wanda ba na fitar da shi sai ga manyan baƙi.

Ashe wata 'yar ƙusa ce ke riƙe da idon, ba ta kai rabin ƙwayar shinkafa ba. Bugu biyu ya yi, sai muka ji tis, ƙusar ta yi tsalle ta ɓace.

“Kada kowa ya motsa!” in ji shi.

Daga nan aka shiga aiki. Muka naɗe darduma, muka ɗaga kujeru, na share falo na tankaɗe sharar da rariyata ta gari. Yarinyar ta ciro maganaɗisun jikin firiji tana rarrafe da shi, tana mita da Larabci kamar yadda yaran da aka haifa a nan suka saba. Shi kuwa yana zaune ya rungume farantin, yana ba da umarni. “Ku duba ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyin nan. Na ji ta yi can.” Ni da ciwon gwiwa, ina durƙushe kan tayil. La'asar ta yi, muka yi salla, muka koma. Sai da na ji ƙauri na tuna da shinkafar da ke kan wuta. Ta ƙone ƙurmus. Wallahi a ranar na yi istigfari ya fi a ƙirga, don abin da ke zuwa bakina ba mai daɗi ba ne.

Na dawo daga kicin da niyyar ƙwace farantina, sai na hango ta. Baƙar ƙusa kwance a tsakiyar farin faranti, a kan cinyarsa, daidai inda ya ƙura wa ido tun ɗazu.

Na ce a hankali, “Alhaji, ka ƙara duba farantin nan.”

Ya sunkuya ya duba. “Sau nawa zan duba? Babu komai.”

Fushin da nake ji ya sauka lokaci ɗaya, wani abu mai sanyi ya maye gurbinsa. Na sa yatsa na ɗauko ta na miƙa masa. Ya ce tabbas yanzu ta faɗo daga hannun rigarsa. Ban musa ba.

'Yarmu ce ta riƙe masa ƙusar ya buga, aiki ya kammala. Sai ya ce a zo a gwada. Muka shiga sito, inda babu taga, ya ja ƙofa. A cikin duhun nan sai ga ɗigo kore, ɗan mitsitsi, tar da shi. Gaskiya ya yi kyau. Ya ɗaga bindigar yana fuskantar bango, sai ya yi tsaki.

“Sun cuce ni. Ɗigo ɗaya na saya, sun aiko min mai biyu. Ga wani hayaƙi kewaye da su.”

Yarinyar ta ce, “Baba, wahda bas. Ɗaya ne.”

“Biyu ne. Hajiya, faɗa mata.”

Na gode Allah da ya sa duhu ne, bai ga hawayena ba. Shekara talatin ban taɓa ƙaryata shi gaban 'ya'yansa ba. Amma na tuna mutumin nan yana tuƙa mota bayan magariba, yana ɗauke da bindiga a gonar da ma'aikata ke kai da kawo. Idan ɗigo ɗaya ya zama biyu, me mutum zai zama daga nesa?

Na ce, “Ɗaya ne, Alhaji. Bindigar lafiyarta lau. Kuma makullin nan ba zai bar gyalena ba sai likitan ido ya duba ka.”

Kwana huɗu bai ci abincina da daɗin rai ba. Ya ce na haɗa kai da 'yata, ya ce gilashi kawai yake buƙata. Na ci gaba da kai masa gahawa, makulli na nan a gyale. Rana ta biyar ya sa takalmi ya ce, “To, tashi mu je ki ji kunya.” Likita ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, ta dama ma ta yi kauri. Aka yi masa aiki ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da aka buɗe idon farko ya daɗe yana kallona. Ina jira in ji godiya, sai ya ce, “Hajiya, yaushe kika yi wannan furfurar?” Na ce, “Mako ukun da kake zaɓen kore da ruwan lemo.”

Farantina har yau yana da tabon guduma a gefe, kuma ban canza shi ba. Idan na gan shi ina tuna cewa shekara guda na yi ina goge gahawa ina kiran abin rufin asiri, alhali tsoron ɓacin ransa nake ji. Tun daga ranar, abin da na gani a wanda nake ƙauna ina faɗa masa, da ladabi, amma da wuri.