Idon Asama'u da Ya Ƙi Yawo

Duk wanda ya taɓa karaya tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, da wuya a ce ƙashinsa bai bi ta gaban idon Malama Asama'u ba. Shekara ashirin da biyu tana ɗaukar hoto a asibiti a Gumel. 'Yar mai haƙar rijiya ce, magana sai an ja ta, amma likitoci kansu in hoto ya ɗaure musu kai ita suke kira.

Bara wata mai bincike, Dakta Hidaya, ta zo daga jami'a da kwamfuta da wata 'yar na'ura mai bin ƙwayar ido. So take ta san inda ma'aikata ke kallo idan suna duba hoton huhu, irin wanda ba falle ɗaya ba ne, yanka-yanka ne har ɗari uku, sai ana murzawa da yatsa ake sauka daga wuya zuwa ciki.

Da ta gwada ma'aikata goma sha biyu, idon kowa ya yi ta yawo a allon kamar kaza a masussuka. Na Asama'u kuwa ya kafe wuri guda.

"Malama, ki yi haƙuri," in ji Dakta Hidaya, "na'urar ba ta kama idonki ba. Dole in cire sunanki daga jerin waɗanda na gwada."

Abin ya yi wa Asama'u ciwo ƙwarai. Ita kaɗai ce mace a jerin, ga shi za a koma birni a ce idonta bai yi aiki ba.

"Dakta, na'urarki lafiya lau take. Babanmu bai taɓa samun ruwa da zagaye fili ba, wuri guda yake tsayawa ya yi ƙasa. Idona na tsaye, yatsana ke tafiya. In na kai ƙarshe, sai in matsa gefe in sake sauka. Yatsan za ki duba."

Dakta ta jera tafiyar yatsan kusa da ta idon. Sai ga shi a yanka na tamanin da bakwai Asama'u ta tsaya, ta koma baya, ta sake tsayawa, daidai kan wani ƙullutu da bai kai ƙwayar wake ba. Cikin mutum goma sha biyu, tara sun wuce shi ba su gani ba.

Nan take Dakta ta mayar da sunan, ta ce binciken ma sai an sake masa tsari. Har yau mutanen Gumel na bugun ƙirji da labarin. Ita kuwa Asama'u, a ranar ko allon ba ta daina kallo ba.

"Na gode, Dakta. To shi mai huhun nan fa, an gano masa da wuri?"